Daga Bakin Rumfa: Mai Alƙalami Ma Yana Buƙatar Mai Masauki

  

Makonni biyu da suka wuce na yi magana a kan littafin bashi, na ce kowa ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Saƙonnin da suka biyo baya sai suka ɗauki wata hanya daban. Ashe da yawa daga cikinmu littafin lissafin nan fuska biyu gare shi. Ta gaba alƙaluma ne, ta baya kuwa labari, ko waƙa, ko wasiƙar da ba a taɓa aikawa ba. Wani direban babbar mota ya ce ya cika littafi uku a zaman jiran takarda a kan iyaka. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Garwa ta ce shekara shida ke nan tana rubuta labarin kakarta, ko maigidanta bai taɓa gani ba. Ita ce ta yi tambayar da zan amsa yau. An gayyace ta ta shiga wata ƙungiyar marubuta, tana son ta san ko abin yana da amfani, ko kuwa wani sabon dandalin gulma da ɓata lokaci ne.

Hajiya, ki shiga. Amma ki shiga da idonki a buɗe, kamar yadda kike shiga kasuwar da ba ki saba da ita ba.

Mu 'yan kasuwa ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Tun zamanin da kakanninmu ke tashi daga Kano da jakuna su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, ba wanda ke kama hanya shi kaɗai. Ayari ake yi, da madugu, da jagaba, da malamin da ke riƙe lissafi yana yi wa tafiya addu'a. In an sauka a zango, kowa da mai gidansa. Shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da dillali, ya raɗa maka wane ne ke biyan bashi, wane ne ke cinyewa. Abin da ya fi duka, in ka kawo kaya masu aibi, shi ne zai gaya maka a cikin zaure, kai da shi, tun kafin kasuwa ta gaya maka a bainar jama'a. Ai shi ya sa ake cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wanda ya fara rubutu baƙo ne a wata kasuwa. Bai san inda labarinsa ya yi nauyi ba, bai san inda ya zube ba, domin shi ya riga ya san abin da yake nufi, idonsa yana cike masa gurbin da alƙalaminsa ya bari. Sai wani ya karanta ya ce, "Malam, nan wa ke magana?" sannan zai gane cewa abin da ke kansa bai sauka a takarda ba.

Na san abin da ke hana mu. Kunya ce. Mutum ya haura hamsin, ana ce masa Alhaji a layi, yana da yara a ƙarƙashinsa, sai a ce ya zauna gaban ɗan shekara ashirin da biyar ana nuna masa cewa "ya ce" kalma biyu ce, "a cikin" ma haka. Yawancinmu makarantar allo muka yi, bokon kuwa a jikin kwali da rasit da allon shago muka tsince shi. Sai mutum ya ga kamar rubutu na masu digiri ne.

To bari in tuna mana wani abu da ya faru a Kano. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin buga littafi suka ja baya da littattafan Hausa. Wanda ya rubuta labari ba shi da inda zai kai. Sai matasa maza da mata suka fara haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya. Wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, inda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suke. Suna karanta wa juna, suna nuna wa juna maɗaba'ar da ba ta cuta, kowa ya buga nasa da kuɗin aljihunsa, a bayan littafin wani ka ga an jera sunayen littattafan 'yan uwansa. Wato talla kyauta, rumfa tana tallata rumfa. Malam Ado ta ajin manya ya shiga boko. Hajiya Balaraba kuwa tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma ta nemi karatu. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne an fassara shi zuwa Turanci, an buga a Indiya a 2012. Wasu masana sun raɗa wa wannan rubutu suna "adabin kasuwar Kano", da niyyar ragewa. Ni dai ban taɓa jin zafin sunan ba. Tun yaushe kasuwa ta zama zagi? Abin da ba a saya ai shi ne abin kunya.

Mu na zango ma muna da namu misali, wanda ya girmi wannan nesa. Alhaji Umaru, wanda ake ce wa Umaru Salaga ko Umaru Karaci, haifaffen Kano ne, ɗan ɗan kasuwa, ya bi hanyar goro kamar kowa. Ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892 ya koma Kete-Karaci ya zama limami, a can ya rasu a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da ajami a kan zuwan Turawa, a kan talauci da wadata, a kan rayuwar mutanen da ya zauna da su. Me ya sa har yau ake da rubutunsa? Saboda yana da jama'a. Almajiransa suka riƙa kwafa da hannu, wannan ya ba wancan, takardu suka bi ayari daga zango zuwa zango, har jami'ar Legon da ke Ankara ta zo tana tattara su a shekarun 1960. Da a ƙarƙashin tabarma ya ɓoye su, da gara ta gama da su tun kafin a haifi iyayenmu.

Wannan shi ne abin da ke damuna, shi ya sa ban ɗauki tambayar Hajiya da wasa ba. Labarinmu yana tafiya kabari kullum. Waɗanda suka ga korar baƙi daga Gana a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba marasa takarda mako biyu su fice, 'yan kaɗan suka rage, kuma sun tsufa. Waɗanda aka koro daga Najeriya a farkon 1983 zamanin Shagari sun fara furfura. Da yawa a cikinmu mun tuna watan Janairun 1994, da muka kwana da sefa muka tashi an raba darajarta biyu, mai bin bashi ya koma kuka, wanda ake bi da kuɗin waje ya rasa inda zai sa kansa. Ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da abin da ya yi wa masu shinkafa da masu tumatir da masu motoci. Wa ya rubuta yadda waɗannan abubuwa suka shiga cikin gidajenmu, auren da aka ɗaga, yaron da aka cire daga makaranta, amanar da aka riƙe da wadda aka ci? In ka nemi littafi a kan yadda mai gida da dillali ke aiki a Sabon Ibadan, na wani Bature ne, Abner Cohen, ya fito a 1969. In ka nemi na fataucin goro, na Paul Lovejoy ne, 1980. Sun yi aiki, Allah ya sani, ba na rage musu. Amma da Turanci suka rubuta, don mutanensu. Jikokin mutanen da aka yi maganarsu a ciki, yawancinsu ba su taɓa ganin ko bangon littafin ba.

Ga kuma 'ya'yanmu. Suna jin Hausa a gida, suna zagin juna da ita a layi, amma karatunsu da Faransanci ne ko Turanci. Ka ba yaro takardar Hausa ka ga yana in'ina kamar an ba shi Sinanci. In ba su tashi sun ga ana rubuta harshen a gabansu ba, ana kuma karantawa ana musu a kai, za su ɗauka harshen kicin ne da ciniki kawai.

Yanzu mu zo kan yadda ake gane zaman ƙwarai. Zan ba da misali da wanda nake halarta a nan Kwatano, domin shi na sani. Mu goma sha ɗaya ne: 'yan kasuwa, da tela ɗaya, da malamin makaranta, da mata uku. Ba mu da suna, ba mu da hatimi, ba mu da shugaba sai dattijon da muke zama a zaurensa. Tsarin adashi muka ɗauka, abin da mutanen Kamaru ke ce wa tontin, na Gana su ce susu. Kowace Lahadi bayan La'asar mutum ɗaya ne ke kwasa, sauran goma su zuba. Zubin kuwa karatu ne. Wanda ranarsa ta zo zai raba rubutunsa tun ranar Alhamis, wanda ke kan hanya a aika masa ta waya, kowa ya zo ya riga ya karanta. Wanda ya tsallake zubi sau biyu ba uzuri, ranar kwasarsa ta wuce shi. Wannan doka ita ta riƙe mu. Domin a kowace ƙungiyar marubuta akwai masu son a karanta nasu, su kuwa ba su da lokacin na kowa. Kun san irinsu a adashi: ya kwasa a farko, daga nan wayarsa ta daina shiga.

In an zauna, ba a fara da gyara. Kowa zai fara faɗin abin da ya fahimta, da bakinsa, kamar yana ba wani labari. Mai rubutu yana zaune shiru. A nan ne abin mamaki yake, domin sau da yawa mutum biyar za su ba da labari iri uku, alhali takarda ɗaya suka karanta. Mai rubutu ba ya buƙatar a ce masa ya yi kuskure, ya ji da kunnensa.

Akwai wani yaro a cikinmu mai sayar da kayan babur. Ya kawo shafi shida a kan fitowar kakansa daga Kumasi a 1969. Shafi huɗu na farko wa'azi ne a kan duniya ba wurin zama ba ce, da ƙaddara, da haƙuri. Duk gaskiya ne, amma ba wanda bai sani ba. Da aka zo kan wata dattijuwa a cikinmu mai sayar da kayan miya, ba ta yi maganar wa'azin ba sam. Sai ta ce, "Ɗana, da ya fito, me ke hannunsa?" Yaro ya ce, "Wallahi Inna, ban tambaya ba." Ta ce, "To kakarka mace tana da rai, je ka tambaye ta." Ya je. Ashe tsohon tela ne. Mai mota ya ce ba zai ɗauki keken ɗinki da teburinsa ba, wuri na mutane ne. Sai ya kwance kan keken, ya naɗe shi a zanen matarsa, ya rungume shi a cinya har suka tsallaka iyaka, tebur da ƙafar ƙarfen kuwa ya bar wa maƙwabcinsa Ba'ashante. A garin da suka sauka wani kafinta ya haɗa masa tebur bashi, da wannan kan keken ya ciyar da mutum tara. Yaron ya dawo da sabon rubutu, ya fara da zanen nan da abin da ke cikinsa. Ranar da ya karanta, telan cikinmu sai da ya fita waje ya tsaya. Bayan wata bakwai tsohuwar ta rasu. Da a ce an yi wa yaron nan "Masha Allah, Allah ya ƙara basira" an sallame shi, da keken ya bi ta.

Shi ya sa nake tsoron zaman yabo fiye da zaman faɗa. Akwai ƙungiyoyin da in ka kawo rubutu, kafin ka rufe baki an fara zuba maka kirari: fasihi, gwani, alƙalaminka ya fi takobi. Daɗi gare shi, ba ƙarya. Amma ka gwada tambayar mai yabon, "Wane wuri ne ya fi kama ka?" In ya fara kame-kame, bai karanta ba, bashi yake ba ka don ka biya shi ranar nasa. Shekara biyar za ka yi a irin wannan wuri kana nan inda kake. Daidai yake da dillalin da ke ce maka goronka ya fi na kowa alhali ƙwaro ya shiga huhun.

Akwai kuma ɗaya gefen. Wani wurin za ka tarar da gwani guda ɗaya da ya mai da zaman fadarsa. Shi ke yanke hukunci, shi ke ba'a, in sabon shiga ya kawo abu sai ya karanta kuskurensa da ƙarfi ana dariya. Wannan ma ki guje shi, Hajiya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, gaskiya ne, amma mai gidan kirki a zaure yake faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, kuma yana nuna maka yadda za a gyara. Alamar da nake dubawa ita ce sababbi. In kin ga waɗanda suka shiga bara suna nan, kuma bakinsu ya buɗe, wurin yana da kyau. In kullum tsofaffin fuskoki ne, baƙi na zuwa suna ɓacewa, akwai dalili.

Wani abu da ya shafe mu mu na waje musamman shi ne irin Hausarmu. Mutumin Maraɗi zai ce duwan, na Kano ya ce kwastan. Wannan ya ce lokotoro, wancan ya ce likita. Ɗan zangon Kumasi ko Nima sau da yawa ba ya raba namiji da mace a magana, zai ce "matata ya zo" hankalinsa kwance. Na Garwa da Marwa Fulatanci da Faransanci sun shiga bakinsa. Wata rana ɗaya daga cikin matanmu ta rubuta cewa an sayi abu jaka biyar. Malamin makarantarmu, Bakano, ya lissafa naira dubu ɗaya, tun da a wurinsu jaka ɗari biyu ce. Ita kuwa sefa dubu biyar take nufi. Aka yi dariya, aka kuma yi musu mai amfani: a canza ko a bari? Matsayar da muka tsaya a kai, kuma ita nake ba kowa shawara, ita ce bayanin marubuci ya bi daidaitacciyar Hausa gwargwadon iko don na nesa ya gane, amma in mutum na magana a cikin labari a bar shi da bakinsa. Tsohuwar Kumasi ta yi magana kamar tsohuwar Kumasi. Duk ƙungiyar da ta ce sai kin wanke Hausarki tas ta koma ta gidan rediyo kafin a saurare ki, tana so ta raba ki da jarinki ne. Abin da kike da shi wanda marubucin Kano ba shi da shi ai shi ne wannan bakin da wannan zaman.

Inda ba na sassauci shi ne haruffa masu ƙugiya. Baki daban, baƙi daban. Kura daban, ƙura daban. Wanda ya rubuta "an yi fada" alhali faɗa yake nufi, ya gina wa sarki gida a inda aka fasa wa mutum kai. Wayoyin yanzu suna da haruffan Hausa a ciki, saitawa kawai ake yi, kowane yaro zai yi maka a minti biyu. Mutanen Nijar suna rubuta ƴ inda na Najeriya ke sa 'y, duka daidai ne, mutum ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai. Irin waɗannan ƙananan abubuwa a zama ɗaya ake koyonsu in akwai mai nunawa, amma mutum shi kaɗai sai ya shekara goma yana maimaitawa.

Sai maganar kuɗi, wadda ba sai na koya wa ɗan kasuwa ba, amma abin mamaki mutumin da ba a iya cutarsa a kan buhun shinkafa sai a cuce shi a kan littafi, saboda son ganin sunansa a bango. Karo-karon shayi da kuɗin hoton takarda ba laifi, in akwai ma'aji da littafi. Amma duk wanda ya ce kawo kaza a buga miki, ki yi masa tambayoyin da kike yi wa mai kawo miki atamfa. Ina samfurin wanda kuka buga a baya? Kwafi nawa? Wace irin takarda? Wa zai sayar, nawa ne nawa a ciki? Bayan an buga, labarin na wane ne? A rubuta, a sa hannu, da shaidu. Wasu kuma na tsoron shiga jama'a don kada a sace musu labari. Satar tana faruwa, marubutan Hausa sun daɗe suna kuka da masu ɗaukar labarinsu su karanta ko su yi fim ba izini. Sai dai ku duba da kyau: wanda ya ɓoye rubutunsa ya nuna wa mutum ɗaya tak, in an sace ba shi da shaida. Wanda ya karanta a gaban mutum goma, da kwanan wata a kai, yana da shaidu goma.

Abin da ya fi kuɗi haɗari a wurinmu shi ne sirri. Zango ƙaramin wuri ne. Ko ka canza suna, in ka ce mai shagon kusa da masallaci wanda ya auri 'yar mai gidansa, kowa ya gane. Labarin kakarki, Hajiya, ba naki ke kaɗai ba ne, akwai kishiyoyinta da jikokinsu, akwai wanda aka yi wa laifi da wanda ya yi. Kafin ki kai wa jama'a, ki tambayi kanki wa zai ji ciwo, kuma ko ya cancanci ya ji. Wani abin a nemi izini, wani a sauya gari da sana'a, wani kuma a rubuta a ajiye wa 'ya'ya kawai. Zaman da kike ciki ma dole ya zama mai riƙe amana: abin da aka karanta a zaure ya tsaya a zaure har mai shi ya fitar. In kin ji labarin wata ya fita kasuwa daga bakin 'yan ƙungiya, naki ma yana hanya. Haka batun siyasa. Mu baƙi ne a ƙasashen mutane, takardar zamanmu a hannun hukuma take. A rubuta abin da ya faru a shingen hanya yadda ya faru, wannan tarihi ne. Amma zaman da ya koma zagin shugabannin ƙasar da ta ba ka masauki, tashi ka ba su wuri, kana da iyali.

Ga maza 'yan uwana, kalma ɗaya. In ka ga matarka tana rubutu, kada ka mai da shi abin tsokana a gaban baƙi. Ka tambaye ta ko za ta karanta maka. Ita kuma ta gaya maka inda za ta da waɗanda za ta zauna da su, kada a yi abu a ɓoye ya zama abin zargi. In zaman gauraye bai dace da gidanku ba, mata su yi nasu, ai sun fi mu iya riƙe adashi. A 2016 sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata zalla, kuma ba a ce sai 'yar Najeriya ba. Labarin da mata huɗu suka tankaɗe kafin a aika ya fi wanda aka rubuta daren rufewa.

In kin shiga, kada ki zo da littafi uku a rana ta farko. Ki yi zama biyu ko uku kina saurare, kina karanta na mutane, kina faɗin abin da kika gani tsakani da Allah. Baƙon da ya fara da zubi ba a manta shi ranar kwasa. In ranarki ta zo, ki kawo shafi biyu ko uku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kada ki fara da ba da haƙuri cewa ba ki yi makaranta ba, ki miƙa kawai. In ana magana ki riƙe biro, ki rubuta, kada ki kare kanki, domin mai karatu na Tamale ko Abeche ba za ki bi shi gida ki yi masa bayani ba. Ki koma gida ki bar abin ya kwana. Gyaran da mutum uku suka haɗu a kai, akwai magana a wurin. Wanda mutum ɗaya ya faɗa kuma zuciyarki ta ƙi, ki bar shi, kayanki ne.

Wanda kuma garinsu babu irin wannan zama, kamar direban da ya rubuto, mutum uku sun isa a fara. Ba dole sai duk masu rubutu ba. A nemi dattijo ɗaya ko da bokon bai dame shi ba, a riƙa karanta masa da baki, kunnen tsoho yana kama ƙarya da kalmar da ba ta zauna ba fiye da idon mai digiri. Wanda ajami ya iya ya rubuta da ajami, wani ya juya. A jawo yaro ɗan makaranta ya riƙa buga rubutun a waya ko kwamfuta, a ba shi ɗan na kati. Kafin shekara za ka ga ya iya rubuta Hausa ba tare da an ce masa zo ka koya ba, kuma ya ji labarin gidansu da ba zai taɓa zama ya saurara ba in da cewa aka yi zo ka ji tarihi.

Abu na ƙarshe, ku raba littafin labari da littafin bashi. Na bashi a rumfa yake kwana, yara na buɗawa, masu bin kuɗi na leƙawa. Kuma kasuwa wuta na cinta: babbar kasuwar Lome ta ƙone a Janairun 2013, ta Sabon Garin Kano a 2016, ba wanda ya samu damar komawa ɗauko takarda. A sayi littafi dabam a ajiye a gida, a sa kwanan wata a kan kowane shafi, in an gama babi a ɗauki hotonsa a aika wa mutum biyu da aka yarda da su a wani gari.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar yaran shago da ake ɗaukowa daga gida ba a yanka musu albashi ba, da rigimar da ke tashi ranar sallama. Wanda ke da abin faɗa a kai ya aiko tun yanzu.